AMSOSHIN WASIƘUNKU: Motar Da Za Ta Kai Ka Gida Kafin Magariba

 Wannan shi ne filinmu na masu motoci da direbobi, inda kuke aiko da tambayoyi, mu kuma mu amsa gwargwadon abin da Allah ya sanar da mu. Jakar tamu ta wannan mako ta cika ta batse. Da muka zazzage ta sai muka ga yawancin wasiƙun daga yanki guda suka fito, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, can kudancin Jihar Katsina. Saboda haka muka ga ya kyautu mu haɗa su wuri ɗaya, tunda hanya ɗaya suke bi, ƙura ɗaya suke sha. Wanda bai ji tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a garin Ƙanƙara, wanda ya ce yana taɓa noma. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda muke amsawa, ya ce shekara huɗu ke nan yana tari, bana kuma ya sayar da masara da waken suya da ɗan bijiminsa, kuɗi sun haɗu. Yana son ya sayi motarsa ta fari, don kai iyali asibiti Malumfashi ko Funtuwa in ta kama, da zuwa Katsina sha'anin aiki. Ya ce abokai sun raba masa hankali, wannan ya ce Fijo, wancan ya ce Golf, wani ya ce Vibe. Ana cikin haka wani dillali ya nuna masa wata Honda a Kano, tana sheƙi kamar amarya, kuma kuɗinta ya yi daidai da abin da ya tara, ba ragi ba ƙari. Shi ne yake tambaya, wace mota ce ta fi?

To, Malam, Allah ya sa alheri, ya sa a hau lafiya. Amma bari in fara da abin da ka faɗa a ƙarshe, domin shi ne ya fi tsaya mini a rai. Motar da kuɗinta ya yi daidai da duk abin da ka mallaka, wannan motar ta fi ƙarfinka, ko da kuwa dillali ya rantse maka da abin da zai kashe shi. Dalili kuwa, ranar da ka biya kuɗin mota ranar ce kashe kuɗi ke farawa. Za ka yi juyen baƙin mai, za ka canza matatar mai da ta iska, watakila batir, kusan tabbas tayoyi, ga canjin suna a takardu, ga lamba, ga inshora. Duk motar hannu ko ta Kwatano da ka gani, akwai abin da take ɓoyewa wanda sai ka yi wata guda da ita zai fito. Shawarata ita ce ka kasa kuɗin nan kashi huɗu, ka nemi mota da kashi uku, ka danne kashi ɗaya kada ko dillalin ya san da shi. Gara ka hau wadda ba ta kai waccan kyau ba tana tafiya, da ka kafe amaryar a ƙofar gida kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Sai batun wace ce ta fi. Ai Malam, da a Abuja kake da sai in ba ka amsa daban. Kai kuwa hanyoyinka sanannu ne: Ƙanƙara zuwa 'Yantumaki zuwa Dutsinma, ko Ƙanƙara zuwa Malumfashi, ko ka gangara Sheme ka hau titin Funtuwa zuwa Gusau. Ba sai na gaya maka abin da waɗannan hanyoyi suka gani a shekarun nan ba, kai ne za ka ba ni labari. Ka tuna a ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, aka kuma hana sayar da mai a jarka. Cikin Satumba na wannan shekarar aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da naku ukun nan. Wanda motarsa ta mutu a daji a wancan lokaci, ko kiran bakanike ba shi da halin yi. An mayar da waya daga baya, amma darasin yana nan. Ko a lokacin da abubuwa suka lafa, babu mai hankalin da ke son ya buɗe bonet a tsakanin gari da gari rana ta yi ja. Saboda haka ma'aunin mota a wurinka guda biyu ne: wadda ba ta cika tsayawa ba, in kuma ta tsaya, bakaniken garinku ya san cikinta, kayanta kuma ana samu a Funtuwa ko Malumfashi ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna an jira kwana uku ba.

In muka ɗora motocin da ka lissafa a kan wannan ma'auni, ga abin da za mu gani. Peugeot, wadda muke kira Fijo, tsohuwar zuma ce a Arewa. Tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, kuma da wuya ka je garejin da babu wanda ya koyi aiki a kan 504. Ita 406 tana da daɗin zama, tana shanye gargada, ƙafarta ta dace da hanyarmu. Sai dai an daina ƙera ta a Faransa tun 2004, ko da yake an ci gaba da haɗa ta a Kaduna na ɗan lokaci, don haka duk wadda za ka samu ta kwana biyu. Tana son mai wayarin da ya san ta, ba ta son a yi mata jagwalgwalon waya. In za ka saye ta, nemi mai giyar hannu, domin giyarta ta otomatik ta sha ba mutane kuka. Kuma injinta da bel yake aiki, wato taimin bel. Ranar da ya tsinke kana gudu, ba tsayawa kawai motar za ta yi ba, bawul-bawul ɗin injin ne za su lanƙwashe. Wanda ya sayi 406, ya canza bel ɗin nan a makon farko, kada ya tsaya sauraron "ai kwanan nan aka sa".

Golf kuwa, wato Golf 3 da ta cika tashoshinmu, jaka ce wajen haƙuri, kayanta kuma har a ƙauye. Amma an fara ƙera ta a 1991, ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara 25. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa sun yi haya sun gaji, an yi musu fenti an fito da su. In ka samu wadda wani dattijo ya riƙe don kansa, ka san gidansa ka san tarihinta, to madalla. In ba haka ba, ka yi hattara.

Vibe da abokinka ya ambata, bai yi ƙarya ba. Sunan Pontiac ne a jikinta, amma cikinta Toyota ce. A wata masana'anta ta haɗin gwiwar kamfanin General Motors da Toyota a Kalifoniya ta Amurka aka riƙa ƙera ta daga 2002 zuwa 2009, kuma mai ƙaramin inji ɗin nan, injinta ɗaya da na Corolla ta wancan zamani. Sarƙa gare shi maimakon bel, ba ya shan mai sosai, bayanta kuma yana ɗaukar kaya. Abin da ya sa take tsada ke nan, ita da Corolla, kuma abin da ya sa ranar da ka so sayarwa ba za ka kwana biyu kana neman mai saye ba. Ni dai in an bar ni da zaɓi a kan hanyoyinku, nan zan karkata, ko da wadda kuɗinka zai kai ta ɗan fi tsufa.

Ita Hondar da ta tafi da hankalinka, mota ce mai kyau, injinta mai silinda huɗu yana da ƙarko. Amma tana da ƙasa, cikinta na taɓa tudu, kuma duk bakanike zai gaya maka ƙafarta ta gaba ba ta son rami. Boljoyin ɗinta in ya gaji ba a canza ba, ko aka sa mata na bogi, taya kan fita ta kwanta ana cikin tafiya. Mai silinda shida kuwa, ka tuna tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa haura naira 1,000. Albashin malamin makaranta ba ya ciyar da silinda shida.

Yanzu ranar duba mota. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka yarda da bakaniken da dillali ya kawo. Ka ɗauki naka daga gida, ka biya masa kuɗin mota da na abinci da ladan aikinsa, ka gaya masa a fili cewa ko an saya ko ba a saya ba hakkinsa na nan, don kada ya sa rai da la'ada daga wancan ɓangaren. Ku je da sassafe, ku tarar da injin da sanyinsa. In kun iske an riga an tayar da ita ta yi ɗumi kafin ku iso, ku ce za ku dawo gobe. Inji mai ciwo da safe yake tari. Ku dubi hayaƙi: shuɗi, tana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun gaban direba sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, watakila cire ƙwan aka yi don a rufe maka ido.

Sa'an nan ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. In ka ga tsatsa ko busasshen laka, ko ka ji warin rima, to motar ta sha ruwa. Yawancin motocin Amurka da ake kawo mana daga kasuwar gwanjon motocin haɗari ake sayo su, a gyara a fesa fenti. Wadda aka buga a gefe aka gyara da kyau ba laifi. Amma akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a jihar Texas a 2017. Irin waɗannan wayoyinsu a hankali suke ruɓewa, yau gilas ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a tsakiyar titi ba dalili. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta wajen direba. Ka ba wani yaro mai wayar zamani ya bincika ta a intanet, sau da yawa har hoton motar a ranar da aka yi gwanjonta yakan fito. Mitar tafiya kuwa kada ta ruɗe ka. Ta Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ga shi kuma ana mayar da ita baya. Ka dubi yadda sitiyari da fedar birki da kujerar direba suka cinye, su ba su iya ƙarya ba. A ƙarshe ka hau ta ka fita daga kwalta, ka nemi burji mai gargada, ka kashe rediyo ka saurara.

Takardu kuma, Malam, nan ne mutanenmu suka fi yin kuka. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashar jiragen ruwa. Da can motar Kwatano kan biyo ta Maraɗi ta shigo ta Jibiya a biya duti. Bayan hanin, da yawa ta daji suka biyo, aka buga musu takardun da ba su da tushe. A 2024 hukumar kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su biya, wasu sun je, wasu ba su je ba. Ranar da kwastan suka tare ka a hanya, ba dillali za su kama ba, motarka za su ɗauke. Don haka kafin ka miƙa ko kwabo, ka kai takardar duti ofishin kwastan a tabbatar maka, ka gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin mota harafi da harafi. In motar hannu ce, a kai ka gaban mai ita na ainihi, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna. A yankin da ake sace motoci ana kuma amfani da su wajen aika-aika, ba ka son a wayi gari a ce motar da ke ƙofar gidanka ana nemanta. Addini ma ya hore mu da rubutu da shaidu, ya kuma wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Ka tambaye shi a gaban mutane, "Alhaji, tsakaninka da Allah, mene ne ciwonta?" Wani zai faɗa.

Mun daɗe a kan wannan, amma ta cancanta. Sai wasiƙa ta biyu, daga wani ma'aikacin lafiya a Faskari. Ya ce Corollarsa ta fara zafi a bazarar da ta wuce, ya kai gareji, bakanike ya cire wani abu ya jefar ya ce na ƙasar Turawa ne, mu nan ba ma bukatarsa, ya kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa da zarar an murɗa makulli. Zafin ya yi sauƙi wata biyu, yanzu ya dawo, ga shan mai ya ƙaru, kullum kuma sai ya ƙara ruwa.

Ɗan'uwa, abin da aka cire maka sunansa tamostat. Wata 'yar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. In inji na da sanyi tana rufe, sai ya kai zafin da aka gina shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe ruwa ya zagaya. Maganar cewa ta ƙasar sanyi ce, ai motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da ita suke zuwa, kuma ba mu fi su rana ba. Da aka cire ta, kwamfutar motar kullum gani take inji bai yi ɗumi ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ga inda kuɗinka ke tafiya. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuma ba a yi ta don ta yi ta gudu ba hutawa ba, wata rana za ta ƙone, kuma ba za ta yi shawara da kai kan inda za ta ƙone ba.

Ciwon na ainihi yana nan ba a taɓa shi ba. Abin da na fi zato, lagireton ya toshe. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa yana da gishiri-gishiri da ƙasa, in ya tafasa sai ya bar farin dafi a cikin 'yan siraran bututun, kamar yadda kake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa kuma. A wanke shi ko a canza, a mayar da sabuwar tamostat, a gyara wayar fanka ta koma yadda take, a zuba ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja. A duba murfin lagireton ma. Ƙaramin abu ne mai araha, amma shi ke danne ruwan ya hana shi tafasa da wuri. In robarsa ta mutu, ruwa zai yi ta gudu. Sai dai yadda ka ce kullum kana ƙara ruwa, ina jin tsoron gaskit ya riga ya taɓu. Da safe kafin ka tayar, buɗe murfin, cika ruwa, tayar da mota ka duba. In kumfa na ta tasowa ba ƙarewa, ko ka zaro sandar gwada baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, to kada ka sake hawa titin Sheme da ita sai an buɗe kan injin.

Ga wata dabara ga duk mai sauraro. In kana tsakiyar daji ka ga allurar zafi ta fara hawa amma ba ta kai ja ba, kashe na'urar sanyi, ka kunna ta ɗumama ɗaki har ƙarshe, ka sauke gilasai, ka rage gudu. Za ka sha zufa, amma tana janye zafi daga inji, sau da yawa takan kai ka gari na gaba, in dai ba a toshe bututunta ba. In allura ta shiga ja, ka tsaya, ba yadda za ka yi. Kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Mutane nawa ne ruwan nan ya saɓule wa fuska da ƙirji.

Ta uku daga Sabuwa take, wani direban haya ne ya sa aka rubuta masa. Ya ce yana jigilar masara da Golf daga ƙauyuka zuwa Ɗandume da Funtuwa. A kakar da ta wuce tayar baya ta fashe masa sau uku, ɗaya har motar ta kusa kifewa da mutum biyu a gaba. Ya ce tayoyin duka 'yan Beljiyam ne masu zane rangaɗau, yana zargin ko sammu ne. Ya kuma ce buhu 10 yake ɗorawa, kamar kowa.

Direba, Allah ya ƙara tsarewa. Bari mu yi lissafi tare kafin mu je ga sammu. A gefen kowace taya akwai lamba bayan girmanta. Irin wadda aka saba sa wa Golf za ka ga 82, ma'anarta taya ɗaya kilo 475 take iya ɗauka. Huɗu ke nan kilo 1,900. Motar kanta ta haura kilo 1,000 ba kowa a ciki. Buhu 10 na masara kilo 1,000 ne. Ka ga tun kafin kai da fasinjojinka ku shiga an wuce iyaka, kuma nauyin ba a raba shi daidai ba, kusan duka a kan tayoyin baya biyu yake. An ƙara wa motar sifirin ta daina zama, na sani, amma ba a ƙara wa taya komai ba, haka birki. Na san kuma abin da za ka ce, in ba ka ɗora 10 ba kuɗin mai ba zai fita ba. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma ka haɗa kuɗin taya uku da ka yi asara da kwanakin da ka yi a gareji, ka gani ko sawu biyu da buhu biyar-biyar a kan hanya mai kusa bai fi maka ba.

Sai zanen da ya ruɗe ka. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya in ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, a yi hankali da ita. Yawancin 'yan Beljiyam sun ninka haka, shi ya sa ma doka ta hana shigo da su. Wasu kuma an yi su ne don ƙanƙarar Turai, za ka ga hoton dutse da ɗan furen ƙanƙara a jiki. Robarsu taushi gare ta, kwaltar watan Afrilu na cinye ta kamar kitse a wuta. Sabuwar taya mai araha wadda aka yi bana ta fi tsohuwa mai babban suna. Iska kuma, kada ka bar mai faci ya yi ta bugawa yana ƙwanƙwasawa da sifana. A jikin ƙofar direba ko murfin tanki akwai takardar da ta faɗi awon da ya dace, na mota wayam da na mota da kaya. A gwada da safe kafin taya ta yi zafi. Wadda iskarta ta yi kaɗan ga lodi a kai, ita ce ma ta fi saurin fashewa.

Wata Hajiya daga Ƙanƙara ta ce tun da aka kai motarta gyaran salansa ƙararta ta canza, wata fitila mai ruwan ɗorawa kuma ta kama ba ta mutuwa. Hajiya, ki sa wani amintacce ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko akwai sabon walda a tukunyar da ke jikin bututun hayaƙi. A cikinta akwai abin da bakanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada ƙwarai, shi ya sa ake fasa tukunyar a kwashe a mayar da ita wayam. Ba na cewa abin da ya faru ke nan, fitilar tana kamawa don dalilai da yawa, sai an sa na'ura an karanta. Amma daga yau, in za a taɓa salansa, a taɓa ta a gaban ɗanki ko direbanki.

Wani kuma daga 'Yankara yana tambaya ko inshorar naira 5,000 da ya saba yi tana nan. A'a, Malam. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mayar da ta ƙaramar motar gida naira 15,000, ita kuma tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Wanda ya ba ka ta 5,000 a bakin ofishin lasin, takarda kawai ya sayar maka. Ana iya duba ta gaskiya a waya da lambar motarka, ka sa a duba maka kafin ka bar wurin.

Ta ƙarshe ba tambaya ba ce, ƙorafi ne, daga wani ɗan kasuwa a Faskari, ya ce famfon mai uku ya canza cikin shekara guda. Alhaji, famfon nan a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Mai yawo kullum da jar fitila, yana sayen lita biyu lita uku, famfonsa a zafi yake aiki, yana kuma zuƙar dattin gindin tanki. Ga man galan na bakin hanya, wanda ba ka san me aka gauraya masa ba. Ko na gidan mai ma, ka tuna a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Beljiyam, ya lalata motoci a Legas da Abuja. Ka sa a sauke tankin a wanke, a canza matata, ka nemi famfo na asali ko da na Kwatano ne, sannan ka riƙa shan mai a gidan mai guda da ka yarda da shi. Kuɗin da za ka zuba ɗaya ne, ko tanki na sama ko yana ƙasa. Ka saba da riƙe shi a rabi, ranar da aka ce maka hanya ba kyau ka juya ka zagaya ta Funtuwa, kana da abin zagayawa. Yanzu da hunturu ke tafe kuma, kowa ya riƙa ciro matatar iska yana kakkaɓewa duk mako, juye kuma kada ya wuce kilomita 5,000 a wannan ƙura tamu.

To jama'a, agogo ya harare mu. Akwai wasiƙu biyu daga Sabuwa kan mayar da mota mai amfani da iskar gas, da wata daga Ƙanƙara kan batirin da ke mutuwa cikin dare, su ne za mu fara da su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai rubuto mana ya riƙa faɗin irin motar da shekararta da abin da aka riga aka taɓa a jikinta, don amsa ta fi zama daidai. Malam na Ƙanƙara kuma, in an yi cinikin a rubuto a gaya mana wadda aka ɗauko.